Ina Gidanmu a Cikin Littafin?

Wata rana da yamma a gidanmu na Tokoin, 'yar ƙanena ta kawo mini littafin karatunta na Faransanci. Ta buɗe shafi bayan shafi, sa'an nan ta ce, "Baffa, don me babu mai kama da Inna a ciki?" Ban sami amsar da zan ba ta ba. Tambayar nan ce ta sa na koma ga waɗansu littattafan yara masu zane guda uku, waɗanda 'yan asalin Latin Amurka kuma 'yan ƙasar Amurka suka rubuta. Su ma zuriyar baƙi ne kamar mu 'yan Zango, harshen gida dabam, na makaranta dabam.

Na farko shi ne Family Pictures, wato hotunan iyali, na Carmen Lomas Garza, wanda ya fito a 1990 da Turanci da Sifaniyanci a kowane shafi. Ta zana ƙuruciyarta a garin Kingsville na jihar Texas: kaka tana kama kaza domin miya, iyali suna shan kankana a ƙofar gida da dare, mai maganin gargajiya tana duba mara lafiya. Ƙarfin littafin yana cikin ƙananan abubuwa. Ba ta ce wa yaro al'adarsa tana da kyau ba, ta dai nuna masa tsakar gida yadda take, ta bar shi ya gane da kansa. Garza ta faɗa cewa a zamanin ƙuruciyarta akan hori yara saboda yin Sifaniyanci a makaranta. Wanda ya san haka zai ga cewa buga harshen nan daidai da Turanci ba ƙaramin abu ba ne. Rauninsa kuwa, ba labari ɗaya ba ne mai farko da ƙarshe. Yaro zai kalla ya ji daɗi, amma babu abin da zai sa ya ƙosa ya juya shafi.

Na biyu ya cike wannan giɓi. Too Many Tamales na Gary Soto, da zanen Ed Martinez, ya fito a 1993. Tamale abinci ne na ƙullun masara da ake naɗewa a ɓawonta a turara, kusan kamar dokunu. Yarinya Mariya ta sa zoben uwarta a ɓoye tana kwaɓa ƙullu. Da ta tuna ba ta gan shi ba, sai ita da 'yan uwanta suka cinye tamale 24 suna nema, ashe zoben yana yatsar uwar. Labarin yana da daɗi domin tsoron yarinyar na gaske ne, kowane yaro ya san shi. Amma mai karatu ya lura: idan aka tsaya ga irin wannan kaɗai, sai a zaci mutanen nan ba su da kome sai girki da biki. Al'ummar da ba a sani ba sai ta bakin tukunyarta, ba a san ta ba.

Shi ya sa na fi girmama na uku, Separate Is Never Equal na Duncan Tonatiuh, na shekarar 2014. Labarin Sylvia Mendez ne, wadda aka hana shiga makarantar unguwarsu a Westminster ta jihar Kalifoniya a 1944, aka ce ta tafi ta 'yan Meziko. 'Yan uwanta masu hasken fata kuwa an yarda a karɓe su. Iyayenta da waɗansu iyalai suka kai ƙara, suka yi nasara a 1946, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1947. Tonatiuh ya zana mutane ta gefen fuska, irin zanen tsofaffin littattafan mutanen Mixtec na Meziko, don haka zanen kansa yana faɗin asali. Gaskiya maganar kotu ta yi yawa a tsakiya, ƙaramin yaro zai gaji sai da babba a kusa. Duk da haka marubucin bai raina yara ba. Ya yarda za su iya ɗaukar labari mai ɗaci idan an faɗa musu da gaskiya.

To, mu fa? Muna da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, abin alfahari ne, amma duniyarsa ta fadar sarki da waziri ce. Yaron da aka haifa a Lome yana jin Hausa a gida, Mina a kasuwa, Faransanci a aji. Kakanninsa fatake ne na goro da shanu. A 1977 gwamnati ta rushe tsohon Zangon Lome, aka kwashe mutane zuwa arewa da gari, wajen Agoè. Waɗanda suka ga wannan da idonsu suna tsufa. Yara nawa ne a yau za su iya ba da labarin? Ga abin da ya isa littafi: yarinya tana tattara kwanukan kakarta ranar tashi, tana tambaya ko maƙwabta za su biyo su.

Littattafan can ba daga sama suka faɗo ba. Pura Belpré, 'yar Puerto Rico da ta fara aiki a ɗakin karatu na birnin New York a 1921, da ta rasa tatsuniyoyin mutanenta a kan kanta, sai ta zauna ta rubuta su. Tun 1996 ake ba da lambar yabo da sunanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna da malamai, muna da samari masu zane a jikin motoci da allunan shaguna, muna da tsofaffi masu labari. Abin da ya rage shi ne su zauna tabarma ɗaya, tun masu labarin suna nan. Ina so in sami abin da zan miƙa wa 'yar ƙanena kafin ta daina tambaya.