Aikin Samaru: Shekara Goma Kafin Ƙwayar Gyaɗa Ta Isa Gona

A daminar 1975 kuturtar gyaɗa ta faɗa wa Arewacin Najeriya ta cinye kimanin hekta dubu 700. Ta zo ne mutane ba su gama farfaɗowa daga farin shekarun baya ba. Ƙasa irin ta Ƙauran Namoda, wadda jirgin ƙasa ya isa tun 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga, ta san abin da ake nufi idan gyaɗa ta ƙi: ba kuɗin kaka, ba harawar dabbobi, ba man da mata za su matsa. Gyaɗa ba ta ɓace daga gonakinmu ba, kuma cikin waɗanda suka tsaya mata har da wasu mutane masu haƙuri a Samaru ta Zariya, waɗanda yawancin manoma ba su taɓa jin sunansu ba.

Gwamnatin mulkin mallaka ce ta buɗe tashar gwajin noma a Samaru a 1922. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai tashar ta koma ƙarƙashinta, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Duk irin da ka ga sunansa ya fara da SAM daga can ya fito: SAMNUT gyaɗa ce, SAMPEA wake, SAMSORG dawa, SAMMAZ masara, SAMCOT auduga. Masu auna jami'o'i suna ƙirga takardun da malamai suka buga a mujallun kimiyya, kuma ma'auni ne mai kyau. Amma ni idan aka ce in nuna binciken jami'a, buhun iri zan fara nunawa.

Gyaɗa kanta take yi wa barbara, tun furen bai gama buɗewa ba. Wanda yake son haɗa iri biyu dole ya riga ta. Da yamma masanin zai tsuguna gaban shuka, ya nemo tohon furen da zai buɗe gobe da asuba, ya buɗa shi a hankali da ɗan hantsaki mai tsini, ya zare sassan da ke ɗauke da garin namiji ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ji wa sashen mace rauni ba. Sai ya ɗaura zare mai launi don ya gane wurin. Washegari da sassafe ya dawo da furen ɗaya irin, ya shafa garinsa a kan wanda ya shirya jiya. Idan ya kama, bayan 'yan kwanaki wani siririn tsinke zai fito daga gindin furen ya sunkuya ya nutse cikin ƙasa, a can ƙwayar za ta yi. Da yawa ba sa kamawa. Hannun da ya yi rawa kaɗan ya ɓata aikin yini guda, shi ya sa ma'aikatan da suka ƙware a wannan suke da daraja ko da ba su da digiri.

Wahalar ma tana gaba. Gyaɗar da aka fara samu mai jure kuturta, daga yankin Burkina Faso da arewacin Kodebuwa ta fito, kuma mai daɗewa ce a gona. Manomin Zurmi ko Shinkafi, wanda ruwansa ke sauka a Yuni ya ɗauke a ƙarshen Satumba, ba ta da amfani gare shi. Ana son juriyar waccan a cikin jikin mai saurin nuna. To, juriyar irin gadon nan ne mai ɓuya: 'ya'yan farko duk suna kamuwa, sai a jikoki take bayyana, a wajen shuka 1 cikin 16. Yaya za a gane ta? Sai a kawo cutar da gangan. A jera layin gyaɗa mai saurin kamuwa a tsakanin layukan gwaji, a dasa masu ciwo a ciki, a saki darɓa, ƙwarin da ke yaɗa cutar, su bi gonar. Bayan 'yan makonni fili ya koma rawaya, shukoki sun tsumbure, amma nan da can ka hangi guda ta tsaya kore shar. Ita ake yi wa alama. A shuka 'ya'yanta badi, a sake zaɓe, haka har zuriya shida ko bakwai, sai halinta ya zauna ba ya canzawa.

Daga nan a kai ta gwaji wurare daban-daban, damina biyu ko uku, sannan gonakin manoma, sannan gaban kwamitin ƙasa da ke zama a Ibadan, wanda shi ke da ikon ba iri suna. Shekara goma ba ta yi yawa ba. Da haɗin gwiwar cibiyar ICRISAT aka fitar da SAMNUT 21, 22 da 23 a 2001, sai SAMNUT 24 a 2011, wadda ke nuna cikin kamar wata uku.

Abin da ya fi burge ni game da Samaru shi ne ta koyi sauraron manomi. A da malaman gona suna ganin mai haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya bai waye ba ne, suna ta kiran a ware kowane amfani da gonarsa, manoma kuwa suka yi kunnen uwar shegu. A 1966 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya tura ma'aikata ƙauyukan Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi kusa da Zariya. Shekara guda suna bin gidaje a kai a kai suna rubutawa: wa ya je gona, awa nawa ya yi, me aka shuka, me aka girbe, nawa aka sayar. Da aka haɗa lissafi sai ga shi gonar haɗi ta fi ba da riba a kowace hekta, ta fi biyan wahalar watannin Yuni da Yuli lokacin da noma ke taruwa a rasa hannu, kuma idan damina ta yi gardama ba a tashi a tutar babu. Manomi ne ke da gaskiya, jami'a kuma ta rubuta hakan ta buga wa duniya. Wannan aiki yana cikin tushen salon binciken da ke farawa daga gonar manomi, wanda daga baya ya bazu a Afirka da Asiya.

Saboda haka mai fitar da iri a yau ba ya tsayawa a yawan buhu. Yana tambayar ko ganyen zai yi harawa, domin mai tumaki ba zai karɓi gyaɗar da ta bar shi ba abincin rani ba. Yana kai wa mata masu ƙuli su soya su matsa, su faɗi yawan man. A kan wake ma haka: SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku ya jagoranci aikinsa aka fitar a 2019, an yi shi ne don ya kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, feshi ya ragu sosai.

Inda aikin yake tsayawa shi ne hanya. Irin da aka yi wa hidimar shekara goma yana iya zama a rumbun Samaru, manomin Birnin Tsaba yana shuka ragowar abin da ya saya a kasuwa, in ma rashin tsaro ya bar shi ya isa gonar. Cibiyar tana da tasha a Talata Mafara, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura tun 1983, ga Jami'ar Tarayya a Gusau. Ina roƙon gwamnatin Zamfara da sarakunanmu su haɗa waɗannan da ƙungiyoyin manoma, a samu masu ninka iri a kowace gunduma, ya isa kasuwannin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi tun watan Mayu, kafin ruwan shuka.