Kaset Ba Isnadi

A ranar da aka zauna rabon gadon kawuna, Allah Ya jiƙansa, a gidansu na Kotobabi, bayan an yi wa keken ɗinkinsa da rigunansa da 'yan littattafansa na fiƙihu kima, an kuma ba kowane magaji abin da shari'a ta yanka masa, sai aka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, wadda babu wanda ya miƙa mata hannu, domin ba kome ba ne a cikinta face kaset-kaset fiye da ɗari, waɗansu sun yi fumfuna saboda laimar Ankara, waɗansu kuwa lakar ambaliyar 2015 ce ta bushe a jikinsu. Malamin da ke rabon ya leƙa, ya ce wannan ba dukiya ba ce da za a sa wa farashi, mai so ya ɗauka. Ni da ba ni cikin magada na ɗauka.

Akwai Shata a ciki, akwai Ɗan Maraya Jos da Ɗanƙwairo, akwai wa'azi da maulidi, kowanne da sunansa a bayansa cikin ajamin kawu. Guda ɗaya ne kurum ba a rubuta masa kome ba sai kalmar "suna". Na ari rikoda, na naɗe zaren da biro kamar yadda muke yi muna yara, na kunna. Sai ga wani mai goge yana ja, mata suna guɗa, maroƙi yana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, wata mota tana ta ham a bakin layi. Ana tsaka da haka aka ji ladan ya ɗaga murya daga nesa, mai gogen ya yanke waƙarsa a tsakiyar ɗa, wani dattijo ya ce a dakata a yi la'asar, sannan kaset ɗin ya yi shiru. Na kai wa gwaggona, na ce, "Gwaggo, wane ne wannan?" Ta saurara har sau biyu, ta ce, "Kai, ɗan nan, muryar nan na san ta kamar yunwar cikina, mutumin Maamobi ne, amma sunan ya ƙi zuwa."

Wannan kaset shi ya sa na fara lura da wata al'ada da ta kafu a wajen Turawa, wato fitar da tsofaffin wasannin da makaɗan rok suka yi a gaban jama'a, a buga su a faifan garmaho, a kuma zuba su a intanet. Waɗanda suka fi kowa shahara da wannan su ne Grateful Dead na Amurka, waɗanda tun daga 1965 har zuwa 1995 da jagoransu Jerry Garcia ya rasu suka yi wasa fiye da sau 2,300, suna kuma naɗar mafi yawansu, bal ma har wuri suka keɓe wa masu sauraro da ke son su naɗa da kansu. Daga 1993 suka shiga buɗe taskar, ma'ajinta mai suna Dick Latvala yana zaɓowa, aka yi ta fitarwa da sunansa, ko bayan rasuwarsa a 1999 ba a fasa ba, har juzu'i 36. Kowane juzu'i kuwa da kwanan wata, da garin, da zauren da aka yi wasan, kuma in zaren ya sami tabo a wani wuri sai su faɗa wa mai saye tun kafin ya biya. Wasan da suka yi a Jami'ar Cornell ran 8 ga Mayu 1977 wata mace ce mai suna Betty Cantor-Jackson ta naɗe shi. Zarurrukanta suka yi zaman ɗakin ajiya na haya har aka yi gwanjonsu a tsakiyar shekarun 1980, suka bi hannaye, daga baya suka komo wa masu su, aka fitar da wasan a 2017 cikin faifai biyar. Kasuwar kuma ba ƙarama ba ce, tunda a 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, na CD miliyan 33, abin da rabon a gani tun 1987.

Da farko dariya abin ya ba ni, na ce ƙoshi ne ya yi wa mutanen nan yawa, ban da haka me zai sa mutum ya sayi waƙa ɗaya sau ashirin don kawai an yi ta a darare ashirin? Amma da na yi tunani sai na ga dariyar kaina nake yi wa, domin idan akwai al'ummar da waƙarta ba ta da matani guda tabbatacce, wadda kowane zama yake da tasa riwayar, to mu ne. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, bai kasance yana tsara waƙa a takarda ya haddace ba. A tsaye yake yin ta, gaban wanda ake yi wa, ya ƙara ɗa saboda wani ya shigo, ya sauya wani saboda kyauta ta yi kauri ko ta yi ƙaranci, har Bakandamiyarsa ma ba iri ɗaya ba ce a kowane kaset. Haka makaɗan fada masu kotso, haka Barmani Choge da ƙwaryarta a tsakiyar mata. Abin da aka ɗauka a situdiyo inuwa ce kawai ta abin da ya gudana a filin biki da ƙofar fada da wajen ajo. Ashe ke nan taskar da Turawa ke tinƙaho da ita mu ma muna da irinta, watakila ma wadda ta fi ta yawa, sai dai tamu a warwatse take cikin adakoki, daga Kano har Kumasi, daga Maraɗi har Nima, ba ma'aji, ba rajista.

Kada wani ya ce ai an riga an tsirar da ita tunda ga ta nan a waya. Gaskiya ne, duk wanda ya je wajen yaran nan masu tura waƙa a bakin titin Nima zai dawo da memori cike da Shata da Narambaɗa a kan 'yan sidi kaɗan, YouTube ma ga su nan birjik. Amma duba abin da aka ba ka. Waƙa ce da lamba a maimakon suna, an yanke farkonta inda maroƙi ke faɗin wurin da dalilin taron, an yanke ƙarshenta don ta shiga, wani lokaci ma an jingina ta ga mawaƙin da bai taɓa yin ta ba. Malamanmu sun koya mana cewa zance ba ya tsayuwa sai da isnadi, wane ya ji daga wane, a ina, yaushe. Ba ina haɗa waƙar goge da ilimin hadisi ba ne, Allah Ya tsare ni da wannan, ladabin riƙon amana nake nufi, wanda bai kamata a ce ya tsaya a zauren karatu kaɗai ba. Katibin da ya kwafi littafi a Salaga ko Katsina, idan ya kai ƙarshe, yakan rubuta sunansa da sunan mai littafin, wani lokaci har da ranar da ya gama, kana ya roƙi mai karatu addu'a. Da irin wannan ɗabi'a aka san waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, nasa ne. Kuma a shekarun 1960, lokacin da masu bincike na Cibiyar Nazarin Afirka a Legon suka bi malamai gida-gida neman rubuce-rubucen Larabci da ajami, aro suke yi, su ɗauki hoto, su rubuta daga hannun wa aka samo, su mayar wa mai abu abinsa. Ban ga abin da ya hana a yi wa kaset haka ba.

A nan ne faifan garmaho ya sami daraja a idona, ko da yake ba don dalilin da masoyansa ke faɗa ba. Su cewa suke sautinsa ya fi daɗi. Ni kunnena bai kai ga wannan hukunci ba, kuma a duk layinmu ban san gidan da garmaho ke juyawa ba a yau. Gana ta taɓa buga nata fayafayan, kamfanoni irin su Essiebons suna fitarwa, kafin tattalin arziki ya karye, dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 ta rufe wuraren wasa, kaset ya gaje kasuwa. Falalar faifai guda ɗaya ce a wurina: kwalinsa babba ne, yana da fili, kuma wanda ya kashe kuɗi ya buga shi kunya ba za ta bar shi ya saki filin nan fayau ba. Dole ya rubuta wa ya yi kiɗa, wa ya yi amshi, a ina, a wace shekara. Kwalin nan shi ne shafin ƙarshe na katibi.

Saboda haka ba na cikin masu zagin Turawan da ke zuwa tonon tsofaffin fayafayanmu a dunƙule. Akwai maciya amana a cikinsu, ba shakka, masu saye da arha a hannun gwauruwa su sayar da tsada a Landan. Amma Miles Cleret da ya fitar da Ghana Soundz a 2002, da kamfanin Analog Africa da ke Jamus, da waɗanda suka tattara 'yan waƙoƙin Psychedelic Aliens, makaɗan rok na nan Ankara, suka sake buga su a 2010, sun rubuta tarihin da mu ba mu rubuta ba. Brian Shimkovitz ya sayi kaset ɗin Ata Kak a bakin hanya a Cape Coast a 2002, ya shafe shekaru yana cigiyar mai shi, bai buga ba sai a 2015 bayan ya same shi. Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗan ogan ɗinsa na lantarki a gidan rediyon ƙasar a 1978, abin ya kwanta har 2013 da Sahel Sounds suka fitar da shi, ya kuma ga amfanin abinsa da ransa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya bai wuce wannan ba: sai baƙo ya zo ya tambayi sunan mai gogenmu kafin mu tuna cewa yana da suna.

Sai dai mas'alar tana da wani gefe da Grateful Dead ba su sha fama da shi kamar yadda mu za mu sha ba. Waƙar Bahaushe a filin biki cike take da sunayen mutane, kuma ba duka yabo ba ne. Akwai zambo, akwai habaici, akwai kishiyar da aka yi wa shaguɓe a gaban dangin miji, akwai attajirin da aka kira marowaci don ya hana kyauta a ranar, alhali jikokinsa suna nan da ransu suna salla a sahu ɗaya da jikokin mawaƙin. Abin da aka faɗa a tsakar gida, gaban mutum hamsin da suka san mafarin zancen, idan aka ɗora shi a intanet ya zama wani abu dabam, yana iya zama giba da aka yi wa mamaci. Akwai kuma mawaƙan da suka ajiye kiɗa a ƙarshen rayuwarsu suka ce sun tuba. Ko mutum ya yarda da fatawar da suka bi ko bai yarda ba, wasiyyarsu tana da nauyi. Turawan ma sun san wannan. Babban wasan Soul to Soul da aka yi a Dandalin Black Star ran 6 ga Maris 1971, ranar cikar Gana shekara 14 da mulkin kai, inda Santana da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka kwana suna kiɗa, da aka zo sake fitar da fim ɗinsa a 2004 Roberta Flack ta nemi a cire nata wasan, aka kuwa cire. Na ji haushi a matsayina na mai kallo, amma haƙƙinta ne. To balle mu da muka san cewa abin da mamaci ya bari na magada ne, kuma ba magadan mawaƙi kaɗai ba. 'Yan amshi da makaɗan kalangu da suka sha rana tare da shi su ma sun bar 'ya'ya, kuma ban taɓa jin mai tura waƙa ya tambayi inda suke ba.

Ban ce a jira gwamnati ba. Legon na da taskar sauti da marigayi Farfesa Nketia ya fara tarawa tun shekarun 1950, John Collins ya kafa tasa a 1990, amma ba su za su shiga ɗakin gwaggona su zauna a tabarma su jira suna ya faɗo mata ba. Aikin na 'yan gida ne, kuma lokacinsa ƙanƙane ne, domin zaren kaset da tsofaffin da suka halarci taron tare suke ƙarewa, wanda duk ya riga tafiya ya bar ɗayan ba amfani.

Makon jiya na kai kaset ɗin wurin wani yaro mai shago kusa da tashar mota, ya haɗa rikoda da kwamfutarsa, muka zauna minti arba'in da biyar muna sauraro, har da ham ɗin motar da kiran sallar, na hana shi yanke ko ɗaya. Da ya gama ya ce, "Baba, wane suna zan sa?" Na ce ya rubuta: suna, mai goge mutumin Maamobi, kafin la'asar, daga adakar tela na Kotobabi. Ya ce sunan ya yi tsawo, na ce ya rubuta haka nan. Gwaggo ta sa an tura wa wata ƙawarta da ke aure a Sabon Zango, wadda ta ce a da ba a yin suna a Maamobi ba ita. Jiya da dare ta aiko da saƙon murya cewa ta gane guɗar, tata ce, mai gogen kuwa a ba ta kwana biyu.