Wa zai zana mana Anka da Gummi?

Duk wanda ya taɓa ganin hoton Don Kihote, dogon tsoho siriri bisa ramammen doki, ga baransa Sancho gajere mai tumbi bisa jaki, to da idon Gustave Doré yake kallonsu, ko ya sani ko bai sani ba. Cervantes ya fitar da littafin a Sifen a 1605, kashi na biyu a 1615, amma sai a 1863 Doré, Bafaranshe, ya yi masa zane wajen 370, wani gwani mai suna Héliodore Pisan ya sassaƙa su a katako, aka shafa tawada aka buga. Doré ya taka ƙasar Sifen da ƙafarsa. Ya ga tsaunukanta da masaukan matafiya da alfadarai cikin ƙura, shi ya sa zanensa ya kama ƙasa, har yau ba a iya raba shi da littafin ba.

Mu ma mun faro da kyau. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan Abubakar Imam ya biyo da Magana Jari Ce a 1937, da zanen hannu a ciki, wanda yaro kan tsaya ya ƙura wa ido kafin ya juya shafi. Ko littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano daga shekarun 1980, da yawansu mai fenti ne ke zama ya yi musu bango. Daga baya aka koma ɗauko hoton 'yar fim ɗin Indiya a manna. Yanzu kuwa kwamfuta ake ba umarni, cikin minti ɗaya ta fito da hoto mai sheƙi.

Wannan yayi yana damuna ƙwarai. Ka ce wa na'urar ta zana ƙauyen Hausa, sai ta kawo maka tudun rairayi da raƙuma da rawani irin na Larabawa, ko kuwa bukkokin da ba a san na wace ƙasa ba ne. Ba ta taɓa zuwa Gummi ta ga Gulbin Zamfara ya cika ya batse da damina ba, masunta na tura kwalekwale, manoma na nutso cikin fadamar shinkafa. Ba ta san yadda ake zaman fada a gaban Sarkin Zamfara a Anka ba, balle siffar rumbun ƙasa a ƙauyukan Bukkuyum. Marubuci ya sha wahalar gina labarinsa a garinsu, bango ya kwashe shi ya kai wata duniya.

Ga mu nan yammacin Zamfara kuma abin ya fi ciwo, don hoton da duniya ta riƙe namu biyu ne kacal: yaran da gubar dalma ta kashe a 2010 a Dareta da Abare da 'Yargalma, sai 'yan bindiga bisa babura. Duka gaskiya ne, ba mai musu. Amma yaron Bagega da ya buɗe littafi ya cancanci ya ga kasuwar garinsu da itacen kuka da tafiyar kakarsa.

Na san batun kuɗi ne. Marubucin da ke buga littafi da guminsa ba ya son ƙarin ɗawainiya. To amma hannun yana nan kusa. Masu zanen ƙwarya da ke kasuwanninmu, da wuƙa da ƙarfe mai zafi suke fitar da layi, aikin da bai yi nisa da na Pisan ba. Ga masu rubuta allon shago, ga masu fentin bayan manyan motoci. Marubutan Zamfara su ɗauki ɗaya daga cikinsu, su karanta masa babi guda, su biya shi hakkinsa, su sa sunansa a shafin farko kusa da nasu.