Masuncin da Ba Ya Ɓoye Wurin Kifi

Duk wanda ya saba sayen kifi a bakin dam ɗin Kazaure ya san abubuwa sun sauya, ko da bai taɓa riƙe raga ba. Karfasar da ake zubewa a tire yanzu, da yawanta ba ta kai tafin hannun yaro ba. Masu suya suna ƙorafi, masu banda suna ƙorafi, su kansu masuntan sun fi kowa. In ka tambayi dalili za a jero maka: laka da yashi sun cike ruwa, masu noman rani suna feshin magani har bakin gaɓa, mutane sun ƙaru, ruwa kuwa bai ƙaru ba. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai dalilin da ba a cika ambata ba, wanda ni shi ya fi damuna. Yara suna shiga sana'ar su ba tare da sun bi ta hannun kowa ba. Yaro zai tara 'yan kuɗinsa ya sayi kalli na roba a kasuwa, saƙaƙƙe daga kamfani, gobe da asuba yana cikin ruwa, jibi yana kiran kansa masunci. Ba wanda ya nuna masa, ba kuma wanda yake jin kunyar idonsa.

Ya kamata a tuna cewa su a ƙasarmu ba irin na Argungu ko Yawuri ba ne, inda Sarkawa suka gaji ruwa kaka da kakanni. Kazaure da Roni ƙasar duwatsu ce, Gwiwa da Babura ƙasar gero da gyaɗa. Abin da iyayenmu suka sani shi ne su na tafki da kududdufi: ruwa ya ja baya da rani, gari ya fito da koma a kwashe abin da ya rage, a tono gaiwar da ta binne kanta a laka tana jiran damina. Ruwa mai kwana shekara ya zo ne da madatsun da aka faro ginawa zamanin Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin nan duk muna cikin Kano, tun kafin a yanko Jigawa a 1991. Tiga ta kammala a 1974. A ɓangarenmu aka samu dam ɗin Muhammadu Ayuba a Kazaure, ga Tomas ta wajen Dambatta wadda ba ta yi wa mutanen Babura nisa ba, ga Gari ta yamma. Wato su na kullum a nan bai wuce shekara hamsin da 'yan kai ba. Yawancin masuntanmu 'ya'yan manoma ne da suka koya daga wani. Sana'ar da ba gado ya kafa ta ba, koyarwa ce ƙafarta, kuma ranar da masu koyarwa suka ƙare ba ta da abin tsayawa.

Dattijon da ya koya mini jifan birgi, Allah ya jiƙansa da rahama, manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Roni. Baba muke ce masa, mu da iyayenmu. Bai taɓa mallakar kwale-kwale ba. Daga gaɓa yake su, ko ya shiga ruwa iya gwiwa, in ya yi nisa iya ƙugu, da birginsa da sandar fatsa da 'yar jakar buhu a kafaɗa. Masu jirgi sukan ɗan raina mai su a gaɓa, amma da yawa daga cikinsu a gabansa suka fara riƙe igiya.

Ba ya fara kai yaro ruwa. A busasshen fili yake farawa, ya zana da'ira a ƙasa da tsinke, ya ce a jefa raga ta rufe ta. Za ka ɗaura igiya a wuyan hannun hagu, ka naɗe ta zobe-zobe, ka tattaro ragar, ka ɗora wani sashe a gwiwar hannu, dalmar tana lilo tana bugun ƙwaurinka, sannan ka juya da ƙugu ka saki. Na farko takan faɗi a dunƙule. Baba ba ya dariya, ba ya tsawa. Zai zo ya kama kafaɗarka ya juya ta, ya ce, "Ɗan nan, ba hannu ke jifa ba, ƙugu ne. Sake." Ranar da ta buɗe kamar faifai ta sauka a kan da'irar, ranar zai ce gobe ka same shi bayan sallar asuba. Kafin nan kuwa ka riga ka iya ɗinke raga, don duk inda ta yage a wurin koyo kai za ka gyara, yana zaune yana duba ƙullinka ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ba ya ɓoye wuri. Masunci yakan ba ka abinci, ya ba ka aron raga, amma ramin da tarwaɗa ke kwana ba ya nuna wa ko ɗan'uwansa. Baba kuwa zai tsaya da kai a gaɓa ya nuna maka da baki: can inda tsohuwar hanyar rafi ta bi kafin a datse ruwa akwai zurfi, kada ka taka, nan gindin kututturen akwai ƙurungu, amma zai cinye maka raga, ga inda za ka jefa curin dusa da yamma ka dawo da sassafe ka sami karfasa ta taru. Yaron da ba shi da ƙugiya zai ba shi, ya nuna masa inda ake tonon tana. In ka kwana biyu ba ka kama komai ba, za ka tarar ya zuba maka 'yan kifaye a jakarka ba tare da ya ce uffan ba, don kada ka shiga gida hannu rabbana a hana ka dawowa.

Abokan sana'arsa ba duka ne suka ji daɗin haka ba. Na ji wani sa'ansa yana ce masa, "Malam, kai dai kana tara mana kishiyoyi a ruwa." Maganar ba ta banza ba ce, kuma har yau akwai masu cewa yawan masunta ne ya cinye kifin, don haka mai koyar da kowa yana da nasa alhakin. Amsar Baba gajeriya ce: "Ko na koya masa ko ban koya masa ba, zai shiga. Gara ya shiga da sanina." A nan nake tare da shi ɗari bisa ɗari. Talauci ne ke tura yaro ruwa, ba malami ba. Abin da malami ke iya sauyawa shi ne irin masuncin da yaron zai zama.

Domin kyautar Baba ba ta zuwa ita kaɗai, da sharaɗi take tafe. Idon raga da yatsu yake auna shi, kuma wadda yatsunsa uku ba su shige ba ba ta shiga ruwa a gabansa. In ka jawo birgi, kafin ka tsinci na kasuwa sai ka fara tsince ƙananan ka mayar. Ya taɓa buɗe bakin wata karfasa a gabanmu, sai ga ƙwai cike da shi, rawaya-rawaya. Yawancinmu ba mu san uwar karfasa a baki take renon ƙwanta da 'ya'yanta ba sai ranar. Ya sake ta a hankali, ya ɗauraye hannunsa, bai yi wa'azi ba. Haka da farkon damina, lokacin da tarwaɗa ke haurowa cikin ciyawar da sabon ruwa ya rufe don ta zuba ƙwai, lokacin da ko da sanda za ka iya kashe ta, shi yakan rataye birginsa ya koma gona, kuma yaransa sun san ba ya son ya ji labarin an gan su a can. Wanda ya zuba magani a ruwa kuwa, irin su Gamalin da aka daɗe ana kashe kifi da shi a ƙasar nan, ya gama da Baba har abada.

Duk waɗannan akwai su a takarda. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa da ta yi shekara da shekaru tana nazarin waɗannan abubuwa. Amma wane ma'aikaci ne zai kasance a bakin dam da ƙarfe huɗu na asuba? Abin da ya hana mu jefa ƙaramar raga ba tsoron kamu ba ne. Nauyin mutumin da ya ba mu ƙugiyar farko muke ji. Yaron da ya sayi kallinsa da kuɗinsa, bai ci arzikin kowa ba, wa zai ji nauyi? Shi ya sa yau za ka ga an ɗinke gidan sauro biyu ko uku, wanda aka raba don kare mata da yara daga zazzaɓin cizon sauro, ana jan sa a gaɓa, yana kwaso komai har 'ya'yan kifin da ba su kai farce ba. Ba mu kaɗai ba ne, an ga irin wannan a tafkin Malawi da na Tanganyika. Amma waɗancan tafkuna ne masu kama da teku, namu kuwa ruwa ne da za ka iya zagayewa da babur.

Ba na cewa da can kowa Baba ne. Akwai dattawan da suka mutu da saninsu a ciki, akwai waɗanda suka mai da su wani asiri da sai ɗan cikinsu ke ji, akwai masu sa yaro bauta shekara da shekaru a kan ladan kifi uku. Ba na kuma ƙin sabon abu. Kiwon tarwaɗa a tankin siminti da na tamfol ya ba matasa da yawa abin yi a garuruwanmu, kuma duk kifin da aka kiwata sauƙi ne ga na dam. Abin da nake ƙi shi ne yadda sani ya koma haja. Mai kiwon kifi ba zai gaya maka yadda yake haɗa abincinsu ba sai ka biya kuɗin horo. Masunci ya ga yaro yana jefa birgi a dunƙule, ya kau da kai, a ransa yana cewa gara haka. Har ta kai wasu daga cikin waɗanda suka ci gajiyar Baba, yanzu da furfura ta fara fito musu, sun fi kowa rowar wuri. In ka yi musu magana su ce zamani ne, kifin bai ishi mai shi ba balle baƙo. Na fahimci tsoronsu, iyali gare su. Amma yaron da suka ƙi koya wa bai koma gida ba. Yana can ƙasa da su kaɗan da gidan sauronsa, yana kwashe kifin baɗi.

Akwai kuma maganar rai, wadda ta fi ta kifi. Kusan kowace damina sai an ji yara sun nutse a kududdufai da tafkunan Jigawa. Mai su a gaɓa ya fi kowa sanin inda ƙasa ke zamewa, inda laka ke riƙe ƙafa, inda aka haƙi ƙasar gini aka bar rami a ƙarƙashin ruwa. Darasin farko da Baba ke bayarwa a cikin ruwa shi ne yadda za ka zare igiyar birgi daga wuyan hannunka in ragar ta maƙale a zurfi tana jan ka. Ƙulli ne da ake yi ta yadda ja ɗaya zai kwance shi. Minti biyar ya isa a koya shi, amma sai da mai nunawa.

Mutane suna sha'awar Argungu, bikin da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ana kallon dubban mutane da gora da homa suna rugawa cikin Matan Fada, ana auna giwan ruwa ana tafi. Abin da ba a cika kallo ba shi ne watannin da ruwan yake rufe, ba mai taɓa shi, saboda Sarkin Ruwa ya ce a bari kuma mutane suna jin maganarsa. Manyan kifayen nan daga wannan barin suke fitowa. Mu ma muna da sarakunan ruwa da shugabannin masunta a garuruwanmu, sai dai maganarsu tana da ƙarfi ne gwargwadon yawan waɗanda suka taso a hannun wani. Taron mutanen da kowa ya koya wa kansa ba ya jin kira.

Saboda haka in da za a ji tawa, duk lokacin da hukuma ko wata ƙungiya za ta raba wa masunta kayan aiki a Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura, kada a bi jerin sunayen da aka rubuto daga ofis. A zo bakin ruwa a tambaya: wane ne yake da yara a hannunsa? A ba shi raga mai idon da ya dace, tasa da ta yaransa, a karɓi gidan sauron a madadinta. Masarautar Kazaure da hakimanta, da na Ringim ta ɓangaren Babura, suna da bakin da za su sa a rufe wuraren da kifi ke zuba ƙwai na 'yan makonnin farkon damina, lokacin da galibin masuntan ma suna gona, kuma masu koyarwar nan su ne za su iya tsare wannan rufewa, don su ne yara ke gaisarwa da safe. Su kuma 'yan'uwana da muka tsaya tare a filin nan muna jefa raga kan da'irar Baba, kowannenmu ya san aƙalla yaro ɗaya a unguwarsu da ke zuwa ruwa shi kaɗai. A kira shi, a auna idon ragarsa da yatsu, a nuna masa ƙullin igiya kafin ruwan bana ya cika.