Waƙa da tuni: abin da mai saurare ke riƙewa

1. Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna hira kan abin da kowa ke saurare a kwanakin nan, magana ba ta daɗewa a kan waƙar kanta. Wani zai ambaci Shata, kafin a ankara ya koma labarin motar da ta kai shi lise a Damagaram. Wata za ta ambaci Sa'adu Bori, sai ga ta cikin zancen bikin yayarta. Manazarta sun saba ɗaukar irin wannan hira a matsayin begen jiya kawai, abin da bai cancanci shiga takarda ba. A cikin wannan ƴar maƙala muna son mu nuna cewa tunin mai saurare wani ɓangare ne na ma'anar waƙa, kuma akwai dalilai na harshe da ke sa wata waƙa ta manne wa rayuwar mutum.

Ayyukan da muke dogara da su, kamar na Ɗandatti Abdulƙadir (1975) kan Mamman Shata, da na Mahaman Garba (1992) kan kiɗan Hausawan Nijar, da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau (1993), sun ba da ƙarfi ga makaɗi da kayan kiɗansa da turke da salo. Sun yi abin da ya kamata a fara yi. Saura mu juya wajen wanda ake yi wa kiɗan.

2. Abin da kunne ke riƙewa

Hausa harshe ne mai karin sauti, mai bambanta dogon wasali da gajere. Karin sauti ne ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ya raba wuya na jiki da wuya ta wahala. Tsawon wasali ne ya raba gari na mutane da gari na tuwo. Mawaƙi ba ya da ikon watsi da waɗannan abubuwa. Richards (1972) da Leben (1983) sun nuna cewa hawa da saukar murya a waƙar Hausa na bin karin sautin kalmomi a mafi yawan wurare, ko da yake ba a ko'ina ba. Shi kuwa Russell Schuh ya daɗe yana nuna cewa awon waƙa, rubutacciya ko ta baka, yana kan jerin gaɓa mai nauyi da marar nauyi.

Abin da muke fitarwa daga nan shi ne: karin waƙar Hausa kamar maƙerar tubali yake, kalma kaɗan ce za ta shiga ramin ta zauna daidai. Shi ya sa wanda ya manta baitin da ya ji shekara talatin baya, in ya fara gunguni da karin, sai kalmomin su dinga dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma amshi, wanda ƴan karɓi ke maimaitawa sau da yawa cikin waƙa guda, har ya zauna a kan yaro tun bai san ma'anarsa ba. Masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa abin da mutum ya gani ko ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 ya fi saurin dawo masa in ya manyanta. In aka haɗa wannan da tsarin harshen, ba abin mamaki ba ne waƙar ƙuruciya ta fi ta bara zama.

3. Karin harshe

Dalili na biyu ya shafi mu mutanen Maraɗi da Tawa musamman. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo (ya rasu 1991), da Ɗan Anace mawaƙin ƴan dambe, duk da Hausar yamma suka yi waƙa. A bakinsu ana jin munka da sunka inda Kano ke cewa muka da suka, ana jin tahi a wurin tafi, gidanai a wurin gidansa, na da ta a wurin ne da ce. Bagobirin Tsibiri ko Ba'adaren Illela da ya ji waɗannan siffofi, maganar kakarsa yake ji, ko da mawaƙin yana ƙetaren iyaka.

Mu da muka yi lakwal a shekarun 1980 da 1990, da Faransanci muka koyi karatu da lissafi, kuma a wasu azuzuwa yin Hausa laifi ne da ake rataya wa yaro alama a kansa. Da yamma kuwa sai a kunna Muryar Sahel ko Rediyon Kaduna, mu ji harshen da aka hana mu da safe yana wasa sarakuna, manya sun yi tsit suna saurare. A nan yawancinmu muka fara gane cewa munka da sunka na iya ɗaukar magana mai nauyi. Har yau in muka sa Narambaɗa muna gyaran takardun ɗalibai, abin da ke dawo mana shi ne tabarmar tsakar gida da akwatin rediyon da ake shanya wa batir a rana don ya ƙara kwana biyu, musamman bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da komai na kanti ya yi tsada.

Da yawa daga waƙoƙin da matasa ke ji yanzu, har da wasu na mawaƙan Nijar, da Hausar Kano ake rera su, domin can ne babbar kasuwar fim da situdiyo take. Ba mu ɗauki wannan a matsayin laifin kowa ba. Amma ya dace a rubuta shi: yaron Madawa na yau zai iya girma da waƙoƙin da yake so ƙwarai, ba tare da ko ɗaya ta yi magana da harshen gidansu ba.

4. Waƙa mai suna da waƙa marar suna

A nan ne muka rabu da masu cewa waƙar da ita ce mai ma'ana, ta yanzu kuwa hayaniya ce. A ganinmu iri biyu ne na waƙa, kowace da yadda take riƙe tuni.

Iri na farko ta zo da tuninta a ciki. Waƙar fada da ta maza da ta attajirai cike suke da ambato: sunan sarki da na kakanninsa, sunan gari, sunan wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Shata, wanda ya rasu a 1999, ya mai da wannan sana'a, har direbobi da ƴan kasuwa da ba su da sarauta suka samu shiga tarihi ta bakinsa. Haka mawaƙan kokowa suka yi wa zakarun da suka biyo bayan gasar ƙasa ta farko, wadda aka yi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Mai sauraren irin wannan waƙa yana rataya nasa tunin a jikin wanda jama'a ta riga ta kafa. Abin da Maurice Halbwachs (1925) ya kira ginshiƙan jama'a na tuni (cadres sociaux de la mémoire) ke nan: ba wanda ke tunawa shi kaɗai. Sa'adu Bori, wanda faifansa da Musa Pusi, Niamey Twice, ya fito a 1994, ya bi wannan hanya da jita da ganga ta zamani, domin sunayen iskokin da ya ɗauko daga kiɗan bori sanannu ne ga duk wanda ya tashi a Katsinar Maraɗi.

Iri na biyu ita ce waƙar soyayya ta zamani, wadda ta bunƙasa da finafinan Kano tun ƙarshen shekarun 1990. A mafi yawanta babu gari, babu kaka, babu shekara. Daga ni sai ke. Manazarcin da ya zo neman ambato da habaici zai ce ba ta da komai. Amma wannan rashin sunan shi ne aikinta: ƙwarya ce da aka bari wayam don kowa ya zuba nasa. Jaruma ta Hamisu Breaker ba ta ambaci annobar korona ba, amma ga dubban mutane ita ce waƙar 2020, shekarar da aka rufe iyakoki da makarantu, matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka rawarta a gaban mazansu. Tarihin bai shiga baitocin ba, masu saurare ne suka ɗaura shi.

Rauninta, in za mu yi hukunci, yana wajen harshe. Inda na'urar gyaran murya ta ja gajeren wasali ya yi tsawo, ko aka tilasta kalma bin karin da aka aro daga waƙar Indiya, maƙerar da muka ambata a sama ta saki. Hasashenmu shi ne irin waɗannan baitoci za su fi saurin zubewa daga ka, kiɗan ya saura. Wannan abu ne da za a iya gwadawa.

5. Yadda ake saurare

Rediyo ɗaya gida guda ke ji. Kaset, wanda ake juyawa da biro don a tsimi batir, ƴan fada guda ke ji a bakin shayi. Shirin zaɓi-sonka ya ƙara wani abu: kafin a sa waƙa sai an karanta wanda ya zaɓa da wadda ya gaisar, wato an ɗaura mata sababbin sunaye a bainar jama'a. Yanzu waƙa na zuwa ta katin waya ko ta WhatsApp, sau da yawa ba sunan mawaƙi, ba shekara, kuma abin kunne ya mai da ita ta mutum ɗaya. Rabawa ba ta mutu ba, domin tura wa aboki waƙa ma gaisuwa ce. Sai dai shaidun sun ragu, kuma tunin da ba shi da shaida shi ne mai saurin ɓata.

6. Kammalawa

Ma'ajiyar Muryar Sahel da ta IRSH da ta CELHTO a Yamai sun adana muryoyin makaɗa. Abin da ya rage a tattara shi ne bakin masu saurare. Muna ba ɗalibanmu masu neman batun kundi shawara su ɗauki waƙa guda, ta Ɗan Gurmu ce ko ta Malam Mamman Barka ko ta wannan shekara, su nemi mutane masu shekaru daban-daban, su sa kowa ya rera abin da ya riƙe, sannan ya faɗi inda ya fara jin ta da waɗanda ke wurin. A rubuta da alamar karin sauti da tsawon wasali, a kwatanta da asalin faifan. Inda mai saurare ya canza kalma, ko ya mai da suka ta koma sunka, nan ne bayanin yake. Waɗanda suka ga Ɗan Gurmu da idonsu kafin rasuwarsa a 1984 sun fara ƙaranci, don haka da su ya kamata a fara.