Jinjina Ga Malaman Zane Na Farko A Zariya

Lokacin da sashen zane ya koma kwalejin Zariya a 1955, kusan duk malamansa Turawa ne. Cikinsu aka ga Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano da ta yi karatu a Landan, tana tsaye kan ɗalibai, tana gyara musu riƙon buroshi da haɗin launi. Aiki ne marar amo, sai haƙuri. A zamaninta ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958. Daga baya Gani Odutokun ya riƙe ajin zanen har rasuwarsa a 1995.

In ka shiga Jami'ar Ahmadu Bello, magajiyar wannan kwalejin, koyon zane, ka tambayi sunayensu. Sun cancanci godiya.