Kalmar Hebel da Bikin Bukkoki: Tsokaci a Kan Littafin Kohelet

1.0 Gabatarwa

Kohelet littafin hikima ne na Ibrananci mai babi 12, wanda fassarorin Hausa ke kira Mai-Wa'azi ko Mai Hadishi. Al'ada ta jingina shi ga Annabi Sulaiman, amma yawancin manazarta na ganin an rubuta shi tsakanin ƙarni na 5 zuwa na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, saboda kalmomin Farisanci da ke cikinsa. Wannan takarda za ta nuna cewa lokacin da ake karanta littafin yana taimaka wa ɗalibin fassara wajen gane jigonsa.

2.0 Lokacin Karatu

Yahudawan da suka fito daga Turai kan karanta Kohelet a majami'a lokacin Sukkot, wato bikin bukkoki. Bikin na kwana 7 ne, yana farawa ranar 15 ga watan Tishri, tsakanin Satumba da Oktoba, daidai da kakar gero a ƙasar Hausa. Iyali kan bar ɗakinsu su ci abinci a bukka mai rufin rassan itace, alhali amfanin gona ya shigo gida. Ke nan ana sauraron littafin ne rumbu cike, a ƙarƙashin rufin da za a rushe bayan mako guda.

3.0 Matsalar Fassara

Kalmar da ta fi ɗaukar nauyin jigon ita ce hebel, wadda ta zo sau 38. Asalin ma'anarta tururi ko hucin baki. Mai fassara kan yi saurin ɗauko "banza", sai dai "banza" hukunci ce a kan darajar abu, ita kuwa hebel siffanta shi take yi: ana ganinsa, ba ya kamuwa, ba ya daɗewa. Tururin tuwo ba banza ba ne, gushewa kawai yake yi.

Wannan zaɓi kan jawo a karanta littafin tamkar waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19, inda ake kwatanta duniya da mayaudariyar mace, a tsoratar da wuta, a kwaɗaitar da aljanna. Kohelet ya yi tarayya da su wajen tuna mutuwa da tsoron Allah, amma bai siffanta wuta ko aljanna ba. Sau da dama ma yakan umarci mutum ya ci, ya sha, ya ji daɗin aikinsa, domin kyauta ce daga Allah. In komai banza ne, wannan umarni ya zama tufka da warwara. In kuwa komai mai gushewa ne, umarnin ya zauna daidai, kamar cin sabon hatsi a cikin bukka.

4.0 Kammalawa

Ya kamata ɗalibi ya gwada "tururi", "hayaƙi" da "mai gushewa" a gurbin "banza", ya duba wadda ke riƙe ɓangarorin littafin biyu: gargaɗi da murna. Kalma ɗaya tana iya mayar da littafin kaka ya koma na makoki.